Mohamed Sanu

Mohamed Sanu (an haife shi ranar 22 ga Agusta, 1989) ɗan wasan ƙwallon ƙafar Amurka ne wanda ya yi kaka goma yana wasa a NFL, babbar gasar wannan wasa a Amurka, daga 2012 zuwa 2021. Gurbinsa a fili shi ne na mai cafke ƙwallo, wato ɗan wasan da ke sheƙawa gaba ya kuɓuce wa masu tsaro domin a jefo masa ƙwallo ya cafe. Ya buga wa ƙungiyoyi biyar: Cincinnati Bengals, Atlanta Falcons, New England Patriots, San Francisco 49ers da Detroit Lions, sannan ya rattaba hannu da Miami Dolphins a 2022 amma aka sallame shi kafin kakar ta fara. Musulmi ne, iyayensa kuma 'yan asalin Saliyo ne. Bai taɓa zama tauraron ƙungiyar da yake ciki ba, amma shekara da shekaru shi ake nema idan wasa ya yi tsauri ana buƙatar hannun da ba ya yar da ƙwallo.

Wasan da gurbinsa

Ana yin wannan wasa ne da ƙwallo mai siffar ƙwai, mutum 11 a kowane ɓangare, a fili mai tsawon yadi 100 tsakanin layukan ci biyu. Yadin nan dai shi ne wanda ake auna atamfa da shi. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da dama huɗu ta ci gaba da yadi 10. In ta kasa, ƙwallo ya koma hannun abokan karawa. Wanda ya shiga da ƙwallo bayan layin ƙarshe, ko ya cafe shi a can, ya ci tachdawun, mai maki 6. Jagoran hari shi ne kwatabak, mai jefa ƙwallo.

Masu cafkewa iri-iri ne. Akwai masu gudun tsiya da ke tsayawa a gefen fili, akwai kuma masu aiki ta tsakiya, inda jiki ke haɗuwa da jiki, ana cafke ƙwallo ana shan karo a lokaci guda. Sanu, mai tsawon ƙafa 6 da inci 2, na biyun ne. Ba shi da gudun da zai bar mai tsaro a baya, sai dai ƙarfin jiki da sanin inda zai tsaya.

Tasowa da karatu

An haife shi a New Brunswick da ke jihar New Jersey, kuma ya yi wani ɓangare na yarintarsa a Saliyo kafin ya dawo Amurka. A makarantar sakandaren South Brunswick kwatabak yake bugawa, abin da daga baya ya zame masa wata baiwa ta daban. Ya shiga Jami'ar Rutgers a 2009 a ƙarƙashin koci Greg Schiano. Da farko cikin masu tsaro aka sa shi, kafin a mayar da shi mai cafkewa. A kakar 2011 ya cafe ƙwallo 115, ya kafa sabon tarihi a rukunin jami'o'in Big East, tarihin da a baya yake hannun Larry Fitzgerald.

Daren zaɓen 2012

Duk shekara ƙungiyoyin NFL 32 kan zaɓi sababbin 'yan wasa daga jami'o'i, bi da bi, zagaye bakwai. Wanda aka ɗauka a zagayen farko ya fi samun kuɗi da daraja nesa ba kusa ba. A daren farko na zaɓen 2012, Sanu yana zaune tare da 'yan uwa da abokai sai wayarsa ta yi ƙara. Mai kiran ya ce daga Bengals yake, kuma za su ɗauke shi a lamba ta 27. Gida ya kaure da murna. Ba a jima ba aka sanar a talabijin cewa Bengals sun ɗauki Kevin Zeitler. Ashe wani ne kawai ya yi masa wasan banza, a daren da yaro ya shekara da shekaru yana jira. Washegari wayar ta sake ƙara, wannan karon da gaske, kuma daga Bengals ɗin: sun ɗauke shi a zagaye na uku, lamba ta 83.

Cincinnati, 2012 zuwa 2015

Abin mamaki, Sanu ya jefa tachdawun a NFL kafin ya cafe ko da ƙwallo ɗaya. A watan Satumban 2012, a karawa da Washington, an fara wasa ke nan aka miƙa masa ƙwallo kai tsaye. Masu tsaro suka ɗauka gudu zai yi, suka yo kansa, shi kuwa ya ɗaga hannu ya wurga wa A.J. Green, wanda ya ƙarasa da shi, yadi 73 gaba ɗaya. A watan Nuwamba ya fara samun gindin zama, ya ci tachdawun huɗu cikin wasa uku, sai tsagewar ƙashi a ƙafa ta kawo ƙarshen kakarsa.

Kakar 2014 ce mafi kyau da ya yi a Cincinnati. Rauni ya hana Marvin Jones wasa, Green ma ya yi jinya na wasu makonni, nauyi ya dawo kan Sanu: ya cafe ƙwallo 56, yadi 790, tachdawun 5. A shekarar ce kuma ya jefa wa kwatabak ɗinsa Andy Dalton tachdawun a wasa da Tennessee, wato aka yi musayar aiki. Duk shekaru huɗun da ya yi a can ƙungiyar ta kai wasannin sili-ɗaya-ƙwale, kuma duk a wasan farko ake fitar da ita.

Atlanta

A watan Maris na 2016 ya koma Falcons kan kwantiragin shekara biyar na dala miliyan 32.5. Wasu masu sharhi sun ga kuɗin ya yi yawa ga wanda bai taɓa kai yadi 1,000 a kaka ɗaya ba. Amma Atlanta ta san abin da take saye. Tana da Julio Jones, wanda sau da yawa mutum biyu ake sa wa su tsare shi, tana kuma buƙatar wanda zai ci moriyar gurbin da hakan ke buɗewa. A nan Sanu ya fi dacewa a duk rayuwarsa ta wasa. A watan Oktoban 2016 shi ya cafe tachdawun ɗin da ya ba su nasara kan Green Bay da ci 33 da 32, saura daƙiƙa 31 a tashi. Da suka sake haɗuwa a wasan kusa da na ƙarshe, shi ya buɗe cin, Falcons suka yi nasara da ci 44 da 21.

A makon wasan ƙarshe, wato Super Bowl na 51 a Houston, gwamnatin Donald Trump ba ta daɗe da sanar da dokar hana 'yan wasu ƙasashe bakwai masu rinjayen Musulmi shiga Amurka ba. 'Yan jarida suka yi wa Sanu caa da tambayoyi, kasancewarsa Musulmi mai suna Mohamed a wasan da ya fi kowane jan 'yan kallo a ƙasar. Ya nuna cewa batun ya yi masa nauyi, ya yi fatan haɗin kai, ya mayar da hankali kan wasan da ya kawo shi. Ranar 5 ga Fabrairu, 2017, Falcons suna gaba da ci 28 da 3, Patriots suka farke duka, suka cinye 34 da 28 a ƙarin lokaci. Sanu bai sake kaiwa wannan mataki ba.

Ya ci gaba da ƙoƙari: ƙwallo 67 a 2017, sannan yadi 838 a 2018, mafi yawa da ya taɓa samu. Hannunsa na jifa ma bai mutu ba. Ya jefa wa Julio Jones tachdawun na yadi 51 a 2017, ya jefa wa kwatabak ɗinsa Matt Ryan wani a 2018, dukansu a karawa da Tampa Bay. Jimilla sau 8 ya yi jifa a NFL, 7 suka isa hannu, yadi 233, tachdawun 4, kuma a ma'aunin ƙwarewar masu jifa ya samu 158.3, iyakar abin da ma'aunin ke bayarwa.

Shekarun yawo

A watan Oktoban 2019 Falcons suka ba Patriots shi, suka karɓi damar zaɓe a zagaye na biyu, farashi mai tsada ga ɗan shekara 30. A wasansa na biyu tare da Tom Brady, kwatabak ɗin Patriots a lokacin, ya cafe ƙwallo 10 a karawa da Baltimore, har da tachdawun. Bayan mako biyu ya gurɗe a idon sawu a wasa da Philadelphia. Ya daure ya ci gaba da wasa da ciwon, amma ƙarfinsa ya ragu, ya ƙare da ƙwallo 26 cikin wasa takwas. An yi masa tiyata bayan kaka, kuma a farkon Satumban 2020 aka sallame shi. A yau ana yawan kawo wannan ciniki cikin kurakuran Patriots, sai dai masu faɗin haka ba kasafai suke ambaton raunin ba, alhali shi ne ya sauya komai.

Tsarin gasar ne ke sa irin su Sanu yawo. A NFL ba duk kuɗin da ke rubuce a kwantiragi ake lamuncewa ba, akwai kuma iyakar albashin da ƙungiya za ta kashe, ga shi mutum 53 kawai ake riƙewa. Ɗan wasan da ya haura 30, ga tabon rauni, ga albashi mai kauri, da wuya ya tsira idan akwai matashin da zai yi aikin da rahusa. Abin da ke samar masa wani wurin shi ne sanayya. Kyle Shanahan, wanda ya tsara harin Atlanta a 2016, shi ne kocin 49ers, kuma sau biyu ya kira shi: a 2020, inda ya yi wasa uku kacal, da kuma 2021. Tsakanin biyun ya je Detroit, ya fara daga rukunin 'yan atisaye, matakin da galibi sababbin shiga ke zama, kafin a ɗaga shi zuwa babbar tawaga.

Dolphins sun ɗauke shi a watan Yulin 2022, suka sake shi a ƙarshen Agusta. Ya bar fili da ƙwallo 435 da ya cafe, yadi 4,871 da tachdawun 27.