Kwangilar Shekara Talatin: Me Za a Gyara a Dokar Haɗin Gwiwa da 'Yan Kasuwa?

Me ya raba haɗin gwiwa da kwangilar da muka saba?

A kwangila ta yau da kullum, gwamnati ce ke cewa a gina mata ajujuwa shida, ɗan kwangila ya gina, a biya shi, kowa ya kama gabansa. A haɗin gwiwa kuwa, ɗan kasuwa ne zai zuba kuɗinsa ya gina kasuwa ko tasha, ya yi shekara 20 ko 30 yana karɓar haya kafin ya miƙa wa gwamnati. Wancan ciniki ne, wannan aure.

Ba akwai doka a ƙasa ba?

Akwai. Dokar bayar da kwangila ta 2007 ce ta kafa hukumar BPP mai kula da yadda ake bayar da kwangilolin gwamnati, wata dokar ta 2005 kuma ta haifi hukumar ICRC mai sa ido kan irin waɗannan yarjejeniyoyi. Sai dai duka biyun na tarayya ne. Aikin da jiha kamar Sakkwato za ta yi da kuɗinta, dokar majalisar jiha ce ke hukunci a kansa.

To ina gizo ke saƙar?

Dokar kwangila ta fi ƙarfi a ranar buɗe takardun masu neman aiki: wa ya cika sharaɗi, wa ya fi araha. Rigimar haɗin gwiwa kuwa sai an sa hannu take tasowa. Legas ta ba kamfani hanyar Lekki zuwa Epe a 2006 kan shekara 30. Da aka fara karɓar kuɗin wucewa jama'a suka yi bore, a 2013 jihar ta sayi yarjejeniyar da kuɗinta. A tashar jirgin sama ta MMA2 da ke Legas ma, wadda wani kamfani ya gina, an daɗe ana shari'a kan ko shekara 36 aka ba kamfanin ko 12. Abin da ya kamata layi ɗaya ya warware ke nan!

In za a gyara dokar jiha, me ya kamata gyaran ya taɓa?

A ganina, tilasta wallafa yarjejeniyar shi ne gaba da komai. Sannan idan kamfani ya kawo shawarar aiki da kansa, kada a ba shi a ɗaki. A tallata, wasu su gwada nasu tayin. Alkawarin cike wa kamfani giɓi in ciniki ya gaza kuwa bashi ne, ko da ba a kira shi haka ba, don haka a kai shi gaban majalisa.

Ni mai rumfa, ina ruwana?

Tuna gobarar babbar kasuwar Sakkwato ta Janairun 2021. A ce kamfani aka ba ya sake gina irin wannan wuri. Wa za a fara ba shago, tsohon mai rumfar atamfa ko wanda ya zo da kuɗi a hannu? Nawa ne hayar, kuma bayan shekara nawa za a iya ƙara ta? In wuta ta sake tashi, wa zai ɗauki asarar? Kafin shugabannin kasuwa su ce sun amince, ka nemi a karanta muku waɗannan shafuka da Hausa.