Ma'anar kammalalliyar lamba, da misalin 33,550,336

Masana lissafi suna kiran lamba kammalalliya idan aka tara duk lambobin da ke raba ta ba tare da saura ba, ban da ita kanta, jimillar ta dawo daidai da ita. Mafi ƙanƙanta ita ce 6, domin 1 da 2 da 3 ne ke raba ta, kuma haɗuwarsu 6 ce. Idan jimillar ta gaza, kamar 10 da masu raba ta suka tsaya a 8, sai a ce lambar tana da giɓi. Idan ta zarce, kamar 12 da nata suka kai 16, tana da rara. Wannan rabe-rabe ya zo a rubutun Nikomakus, masanin Girka da ya rayu wajen shekara ta 100 miladiyya.

Magabata sun san guda huɗu: 6 da 28 da 496 da 8,128. Ganin yadda suka jeru, aka ɗauka ta biyar za ta kasance mai gurbi biyar, amma sai ta zo da gurbi takwas, wato 33,550,336.

Dalilin wannan dogon tsalle yana cikin ƙa'idar da Yuklid, masanin lissafi na Girka, ya kafa kimanin shekara 300 kafin miladiyya. A jera 2 sau da dama a ninka su, a cire 1. Idan abin da ya fito lamba ce da ba ta rabuwa sai da 1 da ita kanta, to a ninka ta da rabin adadin da aka samu kafin cirewar, sai a samu kammalalliyar lamba. Biyu a jere sau 11 yana ba da 2,048, sai dai 2,047 ta ci amanar masu zaton ba ta rabuwa, domin 23 sau 89 ce. Dole aka wuce zuwa sau 13, inda 8,191 ta ƙi rabuwa, kuma 8,191 sau 4,096 shi ne 33,550,336. A ƙarni na 18 masanin lissafi Leonhard Euler ya tabbatar da cewa duk kammalalliyar lambar da 2 ke rabawa ta wannan hanya kaɗai take fitowa.

Lambar tana da wasu siffofin. Masu raba ta 26 ne idan aka haɗa da ita kanta. Wanda ya tara 1 da 2 da 3 har zuwa 8,191 ita zai samu, don haka za a iya jera tsakuwa adadinta su yi siffar alwatika cif. A rubutun kwamfuta mai amfani da 0 da 1 kuwa, wanda a ganina nan ne tsarinta ya fi fitowa fili, 1 ne guda 13 sannan 0 guda 12.

Zuwa watan Oktoba na 2024 an gano kammalallun lambobi 52, dukansu 2 na raba su, kuma har yau babu wanda ya samo ko ɗaya wadda 2 ba ya rabawa, ko ya kafa hujjar cewa babu ita.