Wai me ake nufi da "a kasa, a tsare, a raka"?

Duk wanda ya yi wayo kafin zaɓen 2007 ya san wannan magana, ko a bakin 'yan kamfen ko a rediyo. Yaran yanzu kuwa sai zaɓe ya matso suke jin ta, har wani ƙanina ya taɓa tambayata wai "a kasa" ɗin nan gazawa ake nufi ko me. To ba gazawa ba ce malam.

Ka ɗauki mai tumatir a kasuwa, in ya kasa kayansa kashi-kashi ai ba ya tashi ya tafi yawo ya bar su, zama yake a gindinsu har ciniki ya faɗa. Haka ake so ka yi da ƙuri'arka. A kasa shi ne ka fito ka bi layi ka dangwala. A tsare shi ne kar ka tafi gida cin tuwo, ka tsaya a rumfar zaɓe a ƙirga a gabanka da ƙarfi kowa na ji, a rubuta sakamako a takardar nan ta EC8A, ejan-ejan na jam'iyyu su sa hannu. A raka kuma shi ne mai wuyar, domin a nan ake yin aika-aikar, daga rumfa za a kai sakamako mazaɓa, daga mazaɓa zuwa ƙaramar hukuma, daga nan sai jiha, kuma a wannan tafiyar ce cikin dare 45 ke wayar gari ta koma 450, sifili ɗaya kawai aka liƙa mata. Shi ya sa jama'a ke bin motar akwati a ƙafa da babura suna haska fitila har sai sun ga inda aka sauke ta.

Magoya bayan Buhari ne suka fi yayata ta tun zamanin ANPP, kuma ta yi aiki a wasu wurare. A Kano a 2003 Malam Ibrahim Shekarau ya kada Kwankwaso yana kan kujerar gwamna. A Bauchi a 2007 Isa Yuguda ya kada ɗan takarar PDP mai mulki, gwamna mai barin gado Adamu Mu'azu ma kujerar sanata da ya nema ba ta samu ba. Kuma fa zaɓen 2007 ɗin nan shi ne wanda marigayi 'Yar'aduwa da bakinsa ya amsa cewa akwai kurakurai a cikinsa, alhali shi aka ba nasara.

Amma ɗan siyasa ba ya barci. Da aka kawo na'urorin tantance masu zaɓe, kad rida a 2015 da BVAS a babban zaɓen 2023, satar akwati da dangwale ta rage riba, sai suka ce to tunda kun iya tsarewa bari mu saya tun kafin a kasa. Nan taliya da sabulu da atamfa suka shigo layi, a 2023 da ake wahalar takardun naira har tiransifa aka riƙa yi wa mutane. Ni dai a ganina wanda ya sayar da ƙuri'arsa kan taliya biyu sannan ya kwana yana tsare ta, gadi kawai ya yi wa mai kaya, kuma gadin kyauta. Ga kuma waɗanda ba sa fitowa sam, cikin mutum sama da miliyan 93 da suka yi rajista a 2023 waɗanda suka fito suka dangwala ba su kai kashi 30 cikin ɗari ba, me za a tsare to?

Inda ni maganar ta fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne rakiyar tamu a ofishin INEC take ƙarewa. An faɗi sakamako, an yi kilisa da babura, kowa ya koma gida sai bayan shekara huɗu. Alhali ɓarawon ƙuri'a ba don son takarda yake sata ba, baitulmali yake hari, kuma kuɗin nan duk wata ake rabonsu a Abuja tsakanin tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi 774, alƙaluman ma ana buga su kowa na iya gani. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, amma mutum nawa ne a majalisar shayinku suka san nawa ya shigo wa ciyaman ɗinku a watan jiya? Akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 wadda ta ce in ka rubuta wa ma'aikata kana neman bayani ta amsa cikin kwana bakwai, eh na sani sau da yawa shiru za ka ji, amma mu ɗin ko rubutawar ba ma yi, sai dai zagi a Facebook.

Ɗan majalisa kuma ana iya yi masa kiranye, sai dai sharaɗin da nauyi, sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓarsa sun sa hannu kuma INEC ta tantance. An gwada da Sanata Dino Melaye a Kogi a 2018, ranar tantancewa sa hannun da aka tabbatar bai wuce kashi 5 da 'yan kai na masu rajista ba, magana ta mutu a nan. Gwamna da shugaban ƙasa kuwa babu kiranye a kansu, sai dai majalisa ta tsige su, majalisar da mu muka cika ta da "sak", wato zaɓen jam'iyya ɗaya daga sama har ƙasa, ba tare da mun ko san sunan wanda muke dangwala wa ba.