Gidan gado na Malayawa da kakar durian

Gidan gado, wanda Malayawa ke kira rumah pusaka, gidan katako ne da zuriya ke gada a ƙauyukan Maleshiya, galibi da lambun itatuwa a kewayensa, wato dusun. Da yawa daga cikinsu yanzu a rufe suke, sai lokacin Sallah ko kakar durian, wani babban ɗan itace mai ƙaya a ɓawonsa, ake buɗe su.

Tsarin gini

A kan ginshiƙai ake ɗora gidan saboda ambaliya da namun daji, kuma iska ta riƙa ratsawa ta ƙarƙashi. Ba a binne ginshiƙan. Kowanne yana zaune ne a kan dutse, don kada danshin ƙasa ya ci gindinsa. Wanda ake fara tsayarwa shi ne tiang seri, uban ginshiƙai. Mai hali yana zaɓar katakon cengal, wanda gara ba ta cika iya masa ba. Kafintocin dā ba sa buga ƙusa: sai a huda wannan katako, a zura bakin wancan, a danne da 'yar tsinken itace. Shi ya sa ake iya kwance gida a kafa shi a wani wuri, ko maza su taru su ɗauke shi ɗungurungum a kafaɗa, al'adar da ake kira usung rumah. Babban ɗaki shi ne rumah ibu, a gabansa akwai serambi inda ake saukar baƙi, madafa kuma tana baya. Rufin asali na ganyen nipah ne ko rumbia, itatuwa dangin kwakwa, daga baya kwano ya maye gurbinsa. Fadar Seri Menanti a jihar Negeri Sembilan, wadda aka kammala a 1908, ba a sa mata ƙusa ba.

Kakar durian

Sunan durian ya fito daga kalmar Malayanci duri, wato ƙaya. Babbar kakarsa a yankin Maleshiya ta Yamma tana kamawa daga Yuni zuwa Agusta. Furen yana buɗewa da dare, jemagu ne ke yi masa barbara, kuma bayan wata uku zuwa huɗu ɗan ya nuna. A lambun ƙauye ba a tsinkarsa, jira ake ya faɗo da kansa, sau da yawa cikin dare. Ɗaya kan kai kilo 1 zuwa 3, ga ƙaya, don haka ake kafa 'yar bukka nesa da gindin bishiya, a kwana ana sauraron faɗowarsa. Wanda ya faɗo ba ya wuce 'yan kwanaki kafin ya tsage ya yi tsami. Rarar sai a barbaɗa mata gishiri a rufe ta zama tempoyak, ko a dafa da sukari ta zama lempuk. Bishiyar da aka shuka daga ƙwallo takan shekara kusan goma kafin ta haihu, amma takan ga jikoki, har ta riski gidan ya zama kango.

Abin da ke kashe gidajen

A 1970 mazauna birane a Maleshiya ba su kai kashi 30 cikin ɗari ba; ƙidayar 2020 ta nuna kusan kashi 75. Gidan da babu kowa a ciki daga rufi yake fara mutuwa. Kwano ya yi tsatsa, ruwa ya bi ta mahaɗar katako, ta ruɓe. Ganye da ƙasa su taru su binne dutsen gindin ginshiƙi, gara ta sami hanyar hawa. Cengal ya yi tsada, masu sanin aikin sun ƙaranta.

Sai rabon gado. Idan an bar shi ba a raba ba har magada suka ninka, ba mai zuba kuɗinsa a gyaran abin da ba nasa shi kaɗai ba. A Negeri Sembilan, bisa al'adar da ake kira adat perpatih, ƙasar gado 'ya'ya mata take bi. Yadda wannan ke zama da rabon Musulunci batu ne da aka daɗe ana muhawara a kai.

Kasuwa ma ta taɓa lambunan. Tun da Sin ta buɗe ƙofa ga daskararren durian na Maleshiya mai ɓawo a 2019, da ɗanyensa a 2024, ana sare tsoffin bishiyoyi ko a yi musu aure da irin durian da ake kira Musang King.

Adanawa

Ƙungiyar adana kayan tarihi ta Badan Warisan Malaysia ta kwaso tsohon gidan Penghulu (wato dagaci) Abu Seman daga Kedah zuwa Kuala Lumpur a 1996.