Barkwancin zargin maƙwabci

Barkwancin zargin maƙwabci wani reshe ne na finafinan ban dariya masu ɗaci. A cikinsa jarumi kan ƙudurta a ransa cewa mutumin da suke katanga ɗaya mugu ne marar imani, irin wanda likitocin ƙwaƙwalwa ke cewa ba ya jin tausayi ko nadama, ga shi da zaƙin baki. Ana dariya, amma maganar kisa ake yi.

Ana yawan danganta salon da fim ɗin Rear Window na Alfred Hitchcock, na 1954, ko da yake shi ba na barkwanci ba ne: mai ɗaukar hoto ya karye a ƙafa, zaman gida ya ishe shi, ya koma leƙen maƙwabta ta taga. Wanda ya fi fito da salon fili shi ne The 'Burbs na Joe Dante, da aka yi a Amurka a 1989. Tom Hanks ya fito a matsayin magidanci mai hutun aiki, wanda shi da abokansa suka sa wa baƙin unguwa, iyalan Klopek, ido. Wani tsoho ya ɓace, suka haura gidan baƙin suna haƙa, suka fasa bututun gas, gida ya tashi. Ashe tsohon yana asibiti. Daga baya kuma aka samu ƙasusuwan mutane a but ɗin motar Klopek. Wannan ƙarshen ya ɗan rage wa fim ɗin kaifi, don ya wanke masu sa ido, alhali su ne abin dariyar tun farko.

A Kano, barkwancin Kannywood, musamman camama da marigayi Rabilu Musa Ibro ya shahara da ita kafin rasuwarsa a 2014, ya fi karkata ga shirme da wauta. Kayan labarin dai suna nan birjik. A cikin birni kowa ya san asalin kowa. A sababbin unguwanni irin su Hotoro kuwa, ɗan haya kan shiga da mota ya rufe get, 'yan majalisa su bi shi da ido: ba ya zuwa suna, ba a ganin sa a masallaci, wai me yake yi ne? Sa idon ya ƙaru bayan hare-haren da Boko Haram ta kai Kano ranar 20 ga Janairun 2012. Marubucin da zai taɓa jigon sai ya yi la'akari da aya ta 12 a Suratul Hujurat, wadda ta hana mugun zato da bin diddigi, da kuma Hukumar Tace Finafinai ta jihar, da aka kafa a 2001.