Injin feshinka na tsartuwa? Duba tulun iska

'Yan'uwa manoma na Igabi, Giwa, Soba da sauran sassan jihar Kaduna, kafin a shiga feshin maganin ciyawa, a duba wani ɓangare na injin feshi na goyo da ba kasafai ake kula da shi ba. Ɗan tulu ne da ke haɗe da famfon, a yawancin injuna yana cikin tanki. Iska ke zaune a samansa, kuma zamanta a wurin shi ne aikin.

Famfon injin feshi dangin tuƙa-tuƙa ne na rijiyar burtsatse, wanda ruwansa ke zuwa yana yankewa: a danna ya bulbulo, a ɗaga ya ja baya. Ruwa ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa. In ka danna hannun injin, wani kaso na maganin zai fita ta tiyo, ragowar ya shiga tulun ya danne iskar. Kana ɗaga hannu sai iskar ta miƙe, ta ci gaba da tura maganin har ka sake dannawa. Shi ya sa feshi ke fita bai ɗaya. Manyan famfunan fistin ma ana sa musu tulun dab da silinda, a bututun zuƙa da na turawa, don kada bugun ruwa ya fasa bututu.

Idan tulun ya tsage, ko ruwa ya cika shi, don iska kan narke a ruwa sannu a hankali, feshi sai ya koma tsartuwa. Nan ya sha magani fiye da kima, can ya tsira. Bayan mako biyu gonar masara ta yi dabbare-dabbare da ciyawa, a hau zagin mai shago. Jabu kam akwai shi a kasuwa, amma ba kullum laifinsa ba ne.

A gwada da ruwa zalla. In hannu ya yi tauri tun dannawar farko kuma feshi na yankewa, tulun ya cika da ruwa. A sa safar hannu, a matsa makunnin feshi har matsin ya ƙare, a juye tanki, sannan a kwance tulun a tsiyaye. In kuwa hannu ya yi sako-sako babu matsi, washa ce ta cinye ko bawul ya ɗauki datti. Tulun da ya tsage ba a liƙe shi da gam, sabo ake sawa. Kan feshi in ya toshe, a goge shi da tsohon burushi cikin ruwa, kada a hura da baki.