Sammaci Kan Kuɗin Ciyar da 'Ya'ya: Yadda Uba Zai Kare Kansa Idan An Ce Ya Raina Kotu

A kotunan Shari'a na Gusau, Ƙaura Namoda ko Talata Mafara, wannan ƙara ba baƙuwa ba ce. Aure ya mutu, 'ya'ya suna hannun uwa, alƙali ya yanka wa uba abin da zai riƙa bayarwa duk wata. Wata uku, wata huɗu shiru, uwar ta koma kotu, sai ga sammaci: zo ka faɗi dalilin da ya sa ka ƙi bin umarni. Ga tambayoyin da iyaye maza suka fi yi idan takardar ta iso.

Rashin biya kaɗai ya isa a ce na raina kotu?

Bai isa ba. Shari'a ta raba wanda ya ƙi da wanda ya kasa. A Suratul Ɗalaƙ aya ta 7, Allah Ya ce mai yalwa ya ciyar daga yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa arziki ya ciyar daga abin da Allah Ya ba shi. A Baƙara aya ta 280 kuma aka ce a saurara wa mai ƙunci har ya samu sauƙi. A ɗaya gefen, hadisi ingantacce ya kira jan ƙafar mawadaci wajen biyan haƙƙi zalunci.

Malaman Malikiyya, waɗanda da fiƙihunsu kotunan Zamfara ke hukunci, sun kasa mai bashi gida uku. Wanda aka san yana da shi ya ƙi bayarwa, ana tsare shi har ya biya. Wanda aka tabbatar ba shi da shi, ana yi masa jinkiri. Na uku shi ne wanda ba a san halinsa ba, kuma a nan yawancin maza ke faɗawa: alƙali na iya tsare shi, ko ya nemi mai tsaya masa, har gaskiyarsa ta bayyana. Saboda haka mutumin da ya ƙi amsa sammaci don kunya ko don fushi, da hannunsa ya fitar da kansa daga sahun waɗanda ake yi wa uzuri. Je ka, ko da aljihunka babu ko sisi.

To ta yaya zan gamsar da alƙali cewa ba ni da shi?

Cewa "wallahi babu" ba hujja ba ce. Ana son shaidu adilai waɗanda suka san ka ciki da bai, su ce ba su san ka da wata dukiya ta fili ko ta ɓoye ba, sannan kai ma ka rantse a kan haka. Maƙwabcin da kuke sallar asuba tare, ko abokin sana'arka a kasuwa, ya fi wanda aka ɗauko a ƙofar kotu.

Ka kuma zo da abin da ido zai gani. Ma'aikaci ya kawo takardar albashi, ko ta sallama idan an sallame shi. Mara lafiya ya kawo katin asibiti da rasit na magani. Manomin da 'yan bindiga suka raba da gonarsa a yankin Zurmi ko Maru, ko wanda ya sayar da shanun huɗarsa ya fanshi ɗan'uwa, ya zo da mai unguwa ko wani dattijon garinsu da ya san abin da ya faru. Alƙalan nan a jihar suke zaune. Sun ga watan Satumba na 2021 da aka rufe kasuwannin mako aka katse layukan waya, sun ga yadda farashin tiyar gero ya tashi bayan cire tallafin mai a watan Mayu na 2023. Ba sai an koya musu cewa ana wahala ba. Abin da suke so su ji shi ne yadda wahalar ta taɓa ka, kai da kanka, a watannin da ake magana a kai.

Amma bari in faɗi wata gaskiya mai ɗaci. Idan a cikin waɗannan watanni ka yi sabuwar amarya da lefe da walima, ko ka sauya babur, maganar babu ba za ta yi tasiri ba, kuma bai kamata ta yi ba. Yaron da aka koro daga Islamiyya saboda kuɗin wata bai san rikicin da ke tsakaninka da uwarsa ba.

Na riƙa bayarwa, sai dai ba ta hannun kotu ba. Ta ce ban ba da komai ba.

Wanda ya ce ya biya, shi zai kawo hujja. Saƙon banki da ke cikin wayarka, takardar mai POS, ɗan aiken da ya kai buhun masara, duk suna da amfani. Inda ake samun tangarɗa shi ne mutum ya lissafa kayan sallah da kuɗin kashewa da ya miƙa wa yaro a hanya, alhali hukunci ya ambaci adadin kuɗi duk wata. Alƙali na iya ɗaukar waɗancan a matsayin kyauta. Daga yau, in dai akwai rashin yarda a tsakaninku, biya ta ofishin rajistaran kotu ka karɓi rasit. Ko rabi ka samu, kai shi. Rabin da aka rubuta ya nuna ba taurin kai kake yi ba.

Ta hana ni ganin 'ya'yana. Ko kuma ta yi wani aure. Ba zan iya tsayar da kuɗin ba?

A'a. Abinci haƙƙin yaro ne, ba ladan uwa ba. Hana ka ganinsu ƙara ce mai zaman kanta, kai ta gaban alƙali. Idan ta yi aure, a Malikiyya reno kan koma wajen mahaifiyarta, kuɗin kuma ya bi yaran can. Mai reno ce ke karɓar nafaƙa, kuma malamai sun ce uba ba shi da ikon cewa a riƙa turo masa yaro ya ci a gidansa a maimakon biya. Nauyin yana kanka har namiji ya balaga yana iya nema, mace kuma har ta tare a ɗakin mijinta.

Ban ma san an yanke hukuncin ba.

Wannan kariya ce mai ƙarfi, in gaskiya ce. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa haƙƙin a saurare shi. A fiƙihu ma akwai i'izari, wato alƙali ya tambayi mutum ko yana da sauran hujja kafin ya yanke, kuma kotunan sama sun sha rushe hukunci saboda an tsallake shi. Nemi kwafin shari'ar, a duba wa aka miƙa wa sammacin farko, da wace rana. Matakan ɗaukaka ƙara suna kaiwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Gusau, daga nan sai ta tarayya da ke Sakkwato. Sai dai a kula: akwai wa'adi, kuma ɗaukaka ƙara ba ta dakatar da biya sai an roƙi hakan an amince.

Adadin ya fi ƙarfina yanzu.

Koma kotun da ta yanka, ka roƙi ragi da hujjojinka, tun kafin bashi ya taru. Nafaƙa tana bin halin uba da tsadar gari, shi ya sa uwa ma tana da damar neman ƙari. Abin da ya taru lokacin da kake da hali kuwa ya zama bashi tunda alƙali ne ya yanka, sai dai ka nemi a rarraba maka shi.

An riga an kai ɗan'uwanmu gidan gyaran hali. Me za mu yi?

Irin wannan tsarewar don a biya ake yin ta, don haka ƙofa a buɗe take. Ku haɗa abin da ya sawwaƙa ku kai kotu, ku gabatar da mai tsaya masa, ku roƙi a sa ranar sauraron shaidun rashinsa. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta tarayya, wadda aka kafa tun 1976 don marasa ƙarfi. Ku kuma tura dattijai wajen waliyyin uwar yaran, da ladabi, ba da gori ba. Idan aka daidaita, kada a bar shi a zaure: a kawo sulhun gaban alƙali a rubuta adadin, da ranar biya, da hannun wanda zai karɓa.